Yadda Ake Sayen Jabun Gem Cikin Sauƙi

Akwai waɗanda Allah Ya hore wa kuɗi amma Ya rage musu haƙuri. In kana cikinsu, kuma ka ɗaura niyyar sayen PlayStation ta hannu, ko don yara sun hana ka sakat, ko don kana son buɗe gidan gem a unguwa, to ga shawarwarin da za su tabbatar ka dawo gida da jabu. Mai son kuɗinsa kuwa, sai ya yi akasin duk abin da na faɗa.

1. Kada ka tsaya karanta suna

Harafi ɗaya ko biyu ba sa raba zumunci. In ka ga an rubuta PolyStation, ka ɗauka ƙanwar PlayStation ce. Fuskarsu ɗaya, launinsu ɗaya. Sai ka je gida ka buɗe murfin da ake sa faifai, ka tarar da ramin kaset, domin abin da ke cikinta kwaikwayon Famicom ne, wadda Nintendo ya fitar tun 1983. Danginta suna da yawa: akwai Vii da ta ɓullo a China a 2007 tana bin sawun Wii, akwai PopStation mai shigar PSP. Duk 'yan gida ɗaya ne, ka zaɓi wadda ta kwanta maka.

2. Ka gaskata lissafin da ke jikin kwali

Kwalin da ya ce akwai wasanni 9999999 a ciki, shi za ka runguma. Nintendo da kansa, da ya fitar da NES Classic a 2016, wasanni 30 kacal ya zuba. Sony ya sa 20 a PlayStation Classic a 2018. Rowa ce kawai irin ta manyan kamfanoni. Masu jabu sun fi su kyauta: na ɗaya Mario, na hamsin Mario da koren wando, na ɗari Mario ya fara daga mataki na uku. Kafin ka kai ƙarshen jerin ka aurar da jikoki.

3. Kada ka kifa ta ka duba ƙasanta

Rashin kunya ne ka riƙa jujjuya kayan mutum a gabansa. Ba ruwanka da cewa lambar samfurin PS2 tana farawa da SCPH, ta PS3 da CECH, ta PS4 da CUH, ta PS5 da CFI. In lambar jikin na'ura ta saɓa da ta kwali, saɓani ne irin na yau da kullum. In takardar da kamfani ya liƙe ta yage, kawunan kusoshi sun sha sukundireba har sun lalace, alama ce an kula da lafiyarta, tana zuwa asibiti a kan kari. PS5 ta farko mai cin faifai ta kai kilo 4.5. In ka ɗaga taka da yatsa biyu, ka gode wa Allah, ba sai ka nemi ɗan dako ba.

4. Ka zuba ido a kan uwa, ka manta da hannu

Nan ne ainihin inda ake cin kasuwa. Ƙera PS4 ko PS5 ta jabu wadda za ta ɗauki wasan gaske ba ƙaramin aiki ba ne, amma hannun jabu ya cika kasuwa. Don haka sai a ba ka na'ura orijina, a zare hannunta na asali, a sa maka ɗan kwaikwayo. Za ka gane shi da rashin nauyi, da ƙarar roba in ka matse shi, da batirin da ke mutuwa kafin a tafi hutun rabin lokaci. Wani kuma ɗan wasanka zai riƙa gudu shi kaɗai zuwa kwana alhali ba ka taɓa komai ba. Kada ka damu, ƙwazo ne. In PS5 ce, ka guji buɗe Astro's Playroom, wasan da ke zuwa a cikinta kyauta, domin shi ne mai tona asiri: a hannu na gaske maɓallan L2 da R2 suna yin tauri suna saki gwargwadon abin da ake yi a wasan, na jabu kuwa ko a jikinsa.

5. In ya ce an ɗauke wuta, ka tausaya masa

"Alhaji, wallahi yanzun nan suka ɗauke, amma tokumbo ce, daga Landan, ko ƙura ba ta sha ba." Magana ta ƙare. Kada ka ce a tayar da janareto, mai ya yi tsada. Cinikin biri a sama ai shi ne cinikin manya. In kuma tsautsayi ya sa aka kunna, da ka ga tambarin kamfani ya fito ka miƙa kuɗi. Kada ka zauna rabin awa kana wasa, don a nan ne fanka za ta fara kuka kamar injin markaɗe, a nan ne za ka gane ba ta karanta faifai, ko hoto yana ɗaukewa in an taɓa wayar HDMI. PS3 tana da ciwon wuta mai ruwan ɗorawa, Xbox 360 tana da na jan zobe, wanda ya sa Microsoft ya ware fiye da dala biliyan 1 a 2007 don gyara. Wasu masu gyara sukan gasa cikin na'urar da iska mai zafi ta farfaɗo na 'yan kwanaki. Kwanakin sun isa ka biya ka kai gida.

6. Kada ka haɗa ta da intanet a shago

Na'urar da aka yi wa kutse don zuba wasannin sata, kamfani yana iya toshe ta har abada daga wasa da mutane ta intanet. Wannan labari ya fi daɗin ji a ɗakinka, kai kaɗai. Haka nan in aka ce maka "cike take da wasanni", kada ka tambayi asusun wa suke ciki. Ranar da mai asusun ya janye abinsa, za ka ga ɗan kwaɗo ya bayyana a kan kowane wasa.

7. Ka soka a soket da bismilla kawai

Tsohuwar PS2 mai kauri da aka yi don Amurka wuta 120 take sha, tamu kuwa 230 ce. Rubutun yana nan a bayanta, amma wa ke da lokaci? Hayaƙin ba ya daɗewa.

8. Ka tafi kai kaɗai

Kada ka nemi rasit, kada ka nemi sharaɗin dawo da kaya in sun ba da matsala, mutumin ai ya rantse. Sama da komai, kada ka kuskura ka tafi da yaron nan na gidan gem ɗin layinku, ɗan shekara 12, wanda da ya riƙe hannu ya danna sau biyu zai ce maka, "Baba, wannan ba orijina ba ne." Ladansa kwalbar lemo ce kawai, gaskiya. Amma a ce kamar kai, da girmanka da babbar rigarka, yaro ne ya hana a cuce ka a kasuwa?