Zuwa Ga Manajan Daraktan Hotuna Na Mada

Yashiyo, Jihar Saitama,
Ƙasar Japan.

Taubashina ɗan Gwaggo,

Ina fata kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Ka gaishe min da Gwaggo da kyau, ka ce ina ƙara ba ta haƙuri a kan ɗan da Allah ya jarrabe ta da shi. Yaya ƙafar Kawu? Yaya Inna da jikokinta? Allah ya kawo mana zaman lafiya a Mada da Wonaka da Zamfara baki ɗaya, amin.

Saƙonka na murya ya same ni ƙarfe 3 na dare. Bakina har ya gaji da gaya maka agogon nan yana gaba da naku da awa 8, amma kai sai ka sallaci magariba, ka cika ciki da tuwon dawa, sannan hikima take sauko maka. Na dai saurara. Abin da na fahimta, ka sayi kyamara ta hannu a Gusau, kana bin dutsen Kwatarkwashi da garken shanu da faɗuwar rana kana ɗauka, ba don kuɗi ba, don marmari. Madalla, ya fi zaman kashe wando. Sannan kana so in buga maka kati a nan, mai ruwan zinari, da sunanka da lambar wayarka, a ƙasa a rubuta “Manajan Darakta”. Kuma wai shawara kake nema, ko ya dace mai ɗaukar hoto don sha'awa ya riƙa yawo da kati. Ai ka riga ka yanke, mai sa hannu kake nema. To, daraktan wa? Kamfanin da ma'aikatansa su ne kai da batir guda, shi ma mai kumburi?

Amma ka taki sa'a, ka tambayi wanda ya dace. Nan ƙasar kyamara ce. Nikon tun 1917 aka kafa shi, Fujifilm 1934, Canon ɗin nan da ke lilo a wuyanka kamfaninsa 1937. Nan kuma ƙasar kati ce, don ban taɓa ganin mutanen da ke girmama guntun kwali irin Japanawa ba. Katin nasu har awo tsayayye gare shi, milimita 91 a tsawo, 55 a faɗi. In mutum biyu suka haɗu a kan harka, ba a zama sai an yi musayarsa. A tsaye ake yi. Da hannu biyu ake miƙawa, rubutun yana kallon mai karɓa, ana rusunawa ana faɗin suna da sunan kamfani. Ƙarami yakan saukar da nasa ƙasa da na babba, to in aka gamu da biyu masu kawaici sai wannan ya sauke, wancan ya ƙara saukewa, har ka fara tunanin a durƙushe za a ƙare. Wanda ya karɓa sai ya tsaya ya karanta, ya jinjina kai. Ba a rubutu a kansa, ba a lanƙwasa shi, ba a cusa shi aljihun baya a zauna a kai. A kan tebur ake ajiye shi har a tashi. A yadin da nake aiki, inda muke kwance tsofaffin motoci muna loda injuna da ƙofofi a kwantena zuwa tashar ruwa ta Yokohama, hannun maigidanmu kullum baƙi ƙirin da baƙin mai, amma in baƙo ya zo sai ya wanke tas kafin ya taɓa gidan katinsa. Duk sanda na ga haka kai nake tunawa. Da kai aka miƙa wa, kafin a gama rusunawa ka sakace haƙori da shi.

Masu irin lalurarka kuwa, nan suka yi sansani. Akwai wani lambu a gefen Tokyo da ake kira Mizumoto, ba nisa da mu. In ka je ranar hutu za ka tarar da tsofaffi 'yan fansho sun jeru bakin ruwa tun da sassafe, kowa ya kafa kyamara a kan ƙafa uku, bakinta kamar taɓarya, suna jiran wani ɗan tsuntsu shuɗi mai kamun kifi ya sauka a reshe. Kuɗin bakin kyamara ɗaya zai saya maka gona har da shanun huɗa. Ba mai magana. Tsuntsu ya sauka, sai ka ji kararrar, kowa ya danna. Tsuntsu ya tashi, a koma jira. Kuma ba mai sayar da hoton. Wasu jirgin ƙasa suke farauta. Akwai wani rawaya mai duba lafiyar layin Shinkansen, jirginsu mai gudun tsiya, suna ce masa Dokta Yalo. Ba a shelar lokacin wucewarsa, amma sai ka ga mutane sun cika gada suna dakonsa. Kada ka kwaikwayi wannan a tashar Gusau. Dogo ya ratsa garin ya kai Ƙauran Namoda tun 1929, amma in ka kafa kyamara kana jiran jirgi, jikokinka ne za su wanke hoton.

Ɗaya daga cikin tsofaffin nan, da ya ga ina leƙen abin da ya ɗauka, ya ciro kati ya miƙo mini da hannu biyu. Sunansa, hoton tsuntsun, da adireshin intanet inda yake zuba hotunansa. Babu darakta, babu shugaba. Ka ga, mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a kamfani, in ya yi ritaya katin kamfanin yana cikin abin da yake fara rabuwa da shi, sai ya wayi gari ba shi da abin miƙawa in an tambaye shi ko shi wane ne. Shi ya sa yake buga na tsuntsu. A nan mutum sai ya shekara goma a bene bai san sunan na ɗaki na kusa ba. Ba zaure, ba majalisa, ba mai cewa ɗan gidan wane ne. Dole ya riƙa ɗaukar asalinsa a aljihu.

Kai fa? A Mada wa za ka ba kati? Mutumin da ya ci tuwon sunanka? Baƙo ya sauka a tasha ya ce ina mai hoto, yara za su raka shi har ƙofar gida, kafin su iso sun gaya masa bashin da mai shayi ke binka da abin da ya sa maiɗakinka ta yi yaji bara. Ka kai wa Kawu katin ka gani. Zai juya shi gaba da baya ya ce, “Mi za ni yi da wanga abu? Ba kai na ɗan wance ba?”

Wannan duk da sauƙi. Abin da ba ka hango ba shi ne, ranar da katin ya shiga hannun Gwaggo, marmari ya ƙare, bauta ta fara. Yanzu in an ce ka zo ka ɗauki hoton biki kana iya cewa ai ni wasa nake yi, ban iya ba. Da kati kuwa ka sa hannu da kanka. Suna naka, kamu naka, ɗaurin aure naka, saukar karatu naka, har hoton fasfo na masu niyyar Hajji. Daga Mada a aika ka Tsafe, daga Tsafe a ce akwai 'yar ƙanwar kishiyar wance a Bunguɗu. Man babur daga aljihunka, ladan aiki kuwa “Allah ya yi albarka”, in an ji tausayinka a haɗa maka da alkaki biyu a leda. In amarya ta fito baƙa a hoto, ba rana ce ta yi laifi ba, kai ne. In uwar ango ta rufe ido, kai ne. Za a riƙa ba da labarinka a gidajen biki har ka tsufa. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Dutsen Kwatarkwashi kuwa, da bai taɓa cewa ka sake ɗauka bai yi kyau ba, ba za ka ƙara samun lokacinsa ba.

Kuma ka tuna akwai masu ci da wannan sana'a. Yaran nan da ke bin ɗaurin aure, su ƙyasta ka ba ka sani ba, su ruga su wanko, kafin a watse sun baje hotuna a bakin ƙofa kowa na neman fuskarsa, da shi suke auno masara. Waya ta riga ta rage musu kasuwa, kada kuma wani Manajan Darakta mai aikin kyauta ya zo ya ƙarasa su. Su da magabatansu ba su rasa kati ba, a bayan hoto yake. Ka ce Gwaggo ta buɗe maka adakarta ka juya tsofaffin hotuna, za ka ga hatimin mai hoton da sunan shagonsa, tawada ta koɗe amma tana karantuwa. Malick Sidibé na Bamako, wanda aka ba kyautar Zakin Zinari a Venis a 2007, da dare yake bin wuraren rawar samari yana ɗauka, ya kwana yana wankewa, a zo shagonsa a duba a zaɓa. Hoton ne ke kiran mutane. Turawa ma a da sun haɗe hoton da katin wuri guda. A 1854 wani Bafaranshe mai suna Disdéri ya yi rajistar dabarar buga ƙananan hotuna a manna su a kwali, mutum ya ba abokinsa fuskarsa maimakon suna kawai.

Yanzu bari in ajiye wasa kaɗan, don wannan maganar ba ta dariya ba ce. Ka fi ni sanin halin da hanyar Gusau zuwa Tsafe zuwa Funtuwa take ciki. Ka san ma'aikata da yawa ba sa tafiya da katin wurin aiki a aljihu, kuma ka san dalili. Kai da ba ka ajiye ba ka ba wani ajiya ba, za ka rubuta wa kanka “Manajan Darakta” da ruwan zinari, a ƙasa kuma a ga alamar an buga a Japan? In Allah ya kiyaye aka tare mota, wa zai tsaya ka yi masa bayanin batir mai kumburi? Kai ka yi wa kanka farashi, kuma mu za a kira. Ta ɗaya gefen, mutum da doguwar kyamara yana saitin dutse da daji a zamanin da kowa ke tsoron infoma, dole a tambaye shi. Ga sojoji a shinge, ga Askarawan da Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar a farkon 2024. Kati ba zai fitar da kai ba in ba ka fara da sallama ba. Kafin ka ɗaga kyamara a garin mutane, ka je ka gaida mai unguwa, ka faɗi ko kai ɗan wane ne, a haɗa ka da yaro. Japanawan nan ma, da duk son hotonsu, wayar da aka sayar a ƙasarsu ba a iya kashe mata ƙarar ɗaukar hoto, don kada a ɗauki mata a ɓoye cikin jirgi. Balle mu da ke da matan aure da kunya.

To, kada ka ce na hana ka gaba ɗaya. Akwai inda katin ke da amfani, inda ba a san ka ba kuma ka ɗauki mutum da yardarsa. Ka je hawan salla a Gusau, wani mahayi ya tsayar maka da doki ka ɗauka, ya ce yaya zan samu? Ga kiɗa ga ƙura, ba mai jin lamba. Nan sai ka miƙa kati, ya neme ka, ka tura masa. Bashi ne ka ɗauka, katin kuwa shaidar za ka biya. Saboda haka ga irin wanda na yarda da shi: sunanka, lambar waya, da “hoto don nishaɗi, ba na zuwa biki”. Wannan layi na ƙarshe a buga shi da manyan baƙaƙe. In ka fi so, ka wanke ƙananan hotunan dutsen ka rubuta lambar a baya, ba wanda zai yar da shi. Kuma kada ka dogara da lamba kaɗai. Ka tuna Satumbar 2021, da aka rufe layukan waya a Zamfara duka, aka hana cin kasuwannin mako. Duk mai kati a lokacin kwali kawai yake riƙe da shi. Ka ƙara kwatance a ƙasa: a tambayi mai shayin bakin tasha, ya san shi, yana ma nemansa.

Bugawa kuwa ba a nan ba. Kuɗin aikowa ya fi kuɗin katin, kuma masu ɗab'i na Gusau ba su yi maka laifin komai ba. Guda 50 sun ishe ka har ka aurar da 'yarka, in dai ka ɓoye wa yara, don in suka gani karta za su yi da su. Abin da zan taimaka da shi gidan kati ne na ƙarfe, na saya maka a kantin da kaya ke yen 100, zan ba wani mai zuwa Kano ya taho da shi. Ka lissafa shi a kuɗin sharar bana, kada Muharram ya kama ka tashe ni da wani saƙon.

Ni kuma ga nawa aikin, tunda ka zama mai hoton dangi tun kafin kati. Ka ɗauko min Kawu a zaure da rediyonsa, da Inna a bakin murhu in ta yarda, da Gwaggo tana yi maka faɗa, wannan ba sai ka jira ba. Ka turo min da rana tsaka agogonku.

Mutumin Kanon zai dawo bayan wata guda. A ba shi kuka da daddawa da yaji mai yawa. Ka ja wa Inna kunne kada ta cusa kilishi a ciki don tausayi. An hana shigowa da nama ƙasar nan, kuma akwai karnuka a filin jirgin Narita da aikinsu ke nan, shinshinar jakar baƙi. In suka kama bawan Allah, sunanka zan bayar, in ce ai Manajan Darakta ne, a neme shi a Mada.

Wassalam. Ni ne ubangidanka, ɗan Kawunka.