Wasiƙa daga Sifawa zuwa ga Amarya Age of Empires

Dalilin wannan takarda shi ne maganar da ke yawo tsakanin masu wasan kafa daula a kwamfuta: wai ko ya dace wanda ya saba da Civilization ya shigo da ke gida? Uwargidan dai kin san ta. Tun 1991 Sid Meier ya fito da ita, kuma halinta haƙuri ne, ka yi motsinka, ka sha shayi, abokin gaba ya yi nasa. Ke kuwa da kika zo a 1997 ba ki san zama ba, ana noma ana yaƙi ana gini duk a lokaci guda, wanda ya tsaya sosa ƙeya ya tarar an ƙone masa rumbu. Hukuncin da zan yanke miki daga Sifawa zai fito, ta ƙaramar hukumar Bodinga, kuma kada ki raina garin don ba ki gan shi a taswirarki ba. Daula an taɓa tafiyar da ita daga nan, ta gaske, ba ta allo ba.

Kayan da kika zo da su ba na banza ba ne. A watan Agusta na 2021 aka ƙara wa kashinki na uku wani ɓangare mai suna The African Royals, aka sa Habashawa da Hausawa. Ga barade cikin lifidi, ga maharban Fulani, ga kara inda ake sayar da shanu a sami kuɗin gini, ga makaranta mai jawo wa sarki faɗa-a-ji, mayaƙan kuma da Hausa suke amsa umarni. Uwargida ta shekara fiye da talatin tana zagaye mu, ta ɗauki Askiya na Songhai, ta ɗauki Mansa Musa na Mali, sai a 2025 ta tuna da Amina. A nan kin riga ta, kuma yabon gwani ya zama dole. Sai dai kin ɗauko Aminar Zazzau kin zaunar da ita a Kano, abin da ko Zazzagawa ko Kanawa ba a shawarce su ba, amma wannan rigimar tasu ce, mu 'yan kallo ne.

Tamu rigimar daga Tafkin Kwatto ta fara. A ƙa'idarki, doki mai lifidi shi ne maganin maharbi: in barade suka rutsa 'yan baka a fili, zance ya ƙare. To a watan Yuni na 1804 Sarkin Gobir Yunfa shi ke da lifidi da dawaki, jama'ar Shehu Usmanu kuwa, wata huɗu kacal da yin hijira daga Degel zuwa Gudu, yawancinsu a ƙasa suke da kwari da baka, ƙanin Shehu, Malam Abdullahi, na jagorantarsu. Da ke aka ba alƙalancin ranar, da Yunfa kika ɗaga wa hannu. Abin da ya faru kuwa akasin haka ne, kowane ɗan makarantar allo a ƙasar Sakkwato ya san shi. Kin iya ƙirga dawaki da zinariya, amma dalilin da zai sa makiyayi da manomi su bar dukiyarsu su bi malami ba shi da gurbi a lissafinki, alhali shi ne ya yanke hukunci.

Babban giɓin kuwa yana nan Sifawa. A wajenki wasa yana ƙarewa ne in birnin abokin gaba ya faɗi, a buga tambari, a rubuta nasara. Alkalawa, birnin Gobir, ta faɗi a 1808, kuma a nan ne aikin ya soma wuya. Shehu ya baro Gwandu ya zauna Sifawa wajajen 1810, ya yi kusan shekara biyar kafin ya koma Sakkwato a 1815. Me ya gina a nan? Ba fada ba, ba masana'antar igwa ba. Karatu ya bayar, ya yi ta rubutu, irin su Sirajul Ikhwan da Najmul Ikhwan, yana warware wa almajiransa saɓanin da mulki ya haifar a tsakaninsu. A 1812 kuma ya raba ragamar tafiyar da ƙasa, yamma ga ƙaninsa Abdullahi, wanda ya zauna Bodinga nan kusa, gabas ga ɗansa Muhammadu Bello. Ƙasashe masu nisa kuwa da tuta aka riƙe su: Yakubu a Bauchi, Buba Yero a Gombe, Modibbo Adama a Fombina, Umaru Dallaji a Katsina, kowa da ƙasarsa, wasiƙa ce ke haɗa su da cibiya. Ki duba allon madannanki da kyau, Amarya. Akwai maɓallin kai hari, akwai na tara haraji, akwai na ja da baya. Ina maɓallin da mai nasara zai danna ya miƙa mulki ya koma kan buzu? Ina wanda zai sa babban kwamanda ya ga jama'a sun karkata ga ganima, ransa ya ɓaci ya kama hanyar gabas, Kanawa su tsayar da shi ya rubuta musu Diya'ul Hukkam, kamar yadda Abdullahi ya yi? Ko rikici da Borno, rabinsa da alƙalami aka yi shi, Bello da Shehu Laminu El-Kanemi suna musayar hujja.

Na san masu kare ki za su ce ai wasa ne, ba littafin tarihi ba, kuma ba wanda zai biya kuɗi don ya kalli malami yana fiƙe alƙalami. Rabin maganar gaskiya ce. Dara ma ba ta koyar da fiƙihu, kuma ba a taɓa tuhumarta ba. Amma dara ba ta ce ita Hausa ba ce, ba ta sa wa 'ya'yanta sunan Amina. Ke kika ɗauki sunayenmu, don haka yaron da ya fara jin kalmar lifidi daga bakinki zai iya ɗauka cewa abin da kika bari a waje bai faru ba. Wasu kuma za su ce to a zauna da uwargida mana, tunda ita tana ba da nasara ta hanyar ilimi da al'adu. Ita ma ba ta tsira ba. Iliminta tsere ne na wa zai riga harba kumbo sama, kuma shugabanta ba ya tsufa, ba ya mutuwa, ba ya sauka, shekara dubbai yana kan gado, abin da ko sarakunan Gobir ba su yi mafarkinsa ba. Laifinku ɗaya, ita dai ta fi ki iya lulluɓe nata.

Saura iyaye da malamai masu cewa duk ɓata lokaci ne. A nan kam ina bayanki, domin zamanki gajere ne, ana iya gama faɗa guda tsakanin la'asar da magariba, uwargida kuwa da "saura motsi ɗaya" take kai mutum asuba. Saboda haka hukuncin Sifawa shi ne a gwada ki, musamman ga wanda zai tashi daga allo da tambayar da zai kai wa malamin tarihi. Sharuɗɗa dai suna nan. Sai da kwamfuta mai ƙarfi ake zama da kashinki na uku, a ƙasar da waya ce kwamfutar yawancin matasa, ga wuta da ba ta sallama in za ta tafi. Sannan ɓangaren Hausawa daban kike sayar da shi, wato sai Bahaushe ya nemo dala kafin ki yarda ya zama Bahaushe. Ki gaya wa iyayenki Microsoft su rage wannan sadakin, su kuma aiko wani ya taka zuwa Bodinga, tafiyar ƙasa da awa ɗaya ce daga Sakkwato, kafin su zana mana kashi na gaba.

Wassalam,
mai sauraron amsarki daga Sifawa.