Kaskar Teku Mai Ƙafa Bakwai

Jennifer Lopez ce ta ja min. A 2014 wani masani ɗan Montenegro, Vladimir Pešić, da abokan aikinsa suka bayyana wata sabuwar halitta da aka tsamo daga zurfin kusan mita 70 a tekun Puerto Rico, suka raɗa mata Litarachna lopezae, wai waƙoƙin mawaƙiyar ne suka ɗebe musu kewa suna rubutu. Ina jin haka na kira wadda zan aura: "Gimbiya, sha kuruminki. Kafin in gama karatun nan sunanki zai shiga kundin kimiyya." Ban dai faɗa mata a jikin wa za a liƙa shi ba.

Halittun nan dangin kaska ne, amma ba su kai milimita ɗaya ba. Ire-irensu na ruwan daɗi sun haura dubu shida, sai 'yan gidan Pontarachnidae suka ga ruwan gishiri ya fi musu. Kaso biyu ne kacal, Pontarachna da Litarachna, amma rarrabe su sai mai haƙurin tsince tsakuwa a shinkafa. A wani ɗakin bincike a gaɓar Bahar Rum nake wuni, hancina cike da warin ruwan Koenike mai tsami da muke adana su a ciki, ina juya gawar kaska da allura, ina duba faifayen ƙarƙashin cikinta, ina ƙirga gashin bakinta. Numfashi ma sai da dabara, don atishawa ɗaya ta isa ta kwashe aikin mako.

Ran nan na ci karo da mai ƙafa bakwai. Na san tsutsarsu shida gare ta, babba takwas. Bakwai fa? Na ƙirga, na sake ƙirgawa, na yi hamdala, har na rubuta sunan Gimbiya da wutsiyar Latin.

Farfesarmu ta leƙa madubin binciken, ta yi shiru, sannan ta ce in miƙo allurata. Ga ƙafa ta takwas nan manne a tsininta. "Pontarachna punctulum ce," in ji ta. "Philippi ya riga ka tun 1840."

Da dare na kwashe labarin duka na faɗa wa Gimbiya a waya, ina jiran jaje.

"Tsaya tukuna. Kaska? Wato ni ce na manne maka ina shan jininka?"

Na fara bayanin cewa waɗannan ba ruwansu da jinin mutum, sai na ji ƙit. Da asuba kiran ƙanwar babanta ne ya tashe ni.