Tsimin mai a Tashar Yari

Jiya da hantsi Kawu ya miƙo mini makullin a-kori-kurarsa, 'yar Kwatano, otomatik, ya ce in kai masa tumatir Zariya, direbansa ya tafi suna. An riga an yi lodi a Paki, kwando kan kwando har sun ɗara kan motar, an rufe bakinsu da takardar siminti, an ɗaure da igiya. Kawu ya leƙa ya dubi allurar tanki, ya ɗago ya dube ni, bai ce komai ba. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, haka ake sallama a garinmu.

Ni kuwa da shirina na zo. A ƙasan sitiyari ta hannun dama akwai wani ɗan guntun sanda da direban Kawu bai taɓa taɓawa ba, wai kuruz. Ka kai gudun da kake so, ka danna shi ƙasa, ka ɗauke ƙafarka daga totur, mota ta riƙe gudun da kanta. Muna hawa babban titin Kano zuwa Zariya na fara yi wa yaron mota darasi. Na ce masa wani injiniya Ba'amurke, Ralph Teetor, shi ya ƙirƙiro abin, kuma makaho ne tun yana yaro; ana cewa tuƙin lauyansa ne ya ishe shi, mutum in yana magana ya rage gudu, in yana saurare ya ƙara. Na ce a 1958 aka fara sa shi a motocin Chrysler. Na ce taka-saki, taka-saki na ƙafar ɗan Adam shi ke shan mai, yau kuwa zai ga aikin ilimi. Yaro ya ce, "To, Malam." Na saita ta a kan 100, na janye ƙafa, na gyara zaman hula.

A shimfiɗaɗɗen wuri, gaskiya abin ya yi daɗi, inji na ta ɗan gurnaninsa a hankali. Matsalar ita ce na'urar ba ta san hawa ba, ba ta san kaya ba, lamba kawai ta sani. Direba mai hankali in ya hango tudu yakan bar mota ta ɗan rage gudu, ya rama a gangara. Ita ko da ta ji gudun ya sauka kaɗan sai ta buɗe totur, ta sauke giya, inji ya kwarma ihu, duk don kada 100 ta zama 95. Ga hasumiyar kwanduna tana dukan iskar hunturu, kuma turjiyar iska ba a hankali take ƙaruwa ba: ka ninka gudu biyu, ta ninka huɗu. Duk ɗan hawan da muka zo sai in ga lambar shan mai a allon gaba ta yi tsalle. Yaron ma yana gani. Na ce masa injin yana wanke kansa ne.

Da muka doso Tashar Yari na taɓa birki, kuruz ya saki, na sauko wajen 50 saboda cunkoso: masu rake a jere, 'yan acaɓa, motocin haya suna saukewa suna ɗauka. Abin da ban gaya wa yaron ba, don ni ma a lokacin ban tuna ba, shi ne birki sakinta kawai yake sa ta yi, ba ya sa ta mantuwa. Lambar nan 100 tana nan a ranta, jira take a ɗaga sandan sama ta koma inda ta tsaya.

Gilashi ya yi ƙura. Na kai hannun dama in ɗaga sandan waifa. Sanduna biyu ne a wannan ɓangaren, ɗaya sama ɗaya ƙasa.

Motar ta sauke giya, ta ɗaga hanci, ta zabura. Bayana ya manne da kujera. Abu na farko da na yi, kuma mutane sun gani, shi ne na ɗaga ƙafafuna duka biyu sama, wai don in nuna wa yaron ba ni ba ne. Abu na biyu, na daka mata tsawa, "Ke! Ke!" kamar mai jaki a bakin kasuwa. Wani mai goro da ke shirin tsallakawa ya yar da faifansa ya koma inda ya fito. Yaro yana ta "Malam, birki! Malam, birki!" ni kuwa ina neman sandan da na taɓa, sitiyari ya ɗan juya, sandan ya juya tare da shi. Na buga hon, ban san dalili ba.

Sannan ƙafafuna suka sauko. Ni ɗan giyar hannu ne tun da na koyi mota, don haka ƙafar hagu ta tafi neman kuloc da dukkan ƙarfinta. Babu kuloc a otomatik. Abin da ke wurin faffaɗan birki ne, kuma ƙafar dama ta riga ta isa can. Suka haɗu a kai.

Mota ta tsaya cak. Tumatir bai samu labari ba.

Igiya ta riƙe kwanduna, Allah Ya saka wa wanda ya ɗaura ta, amma takardar siminti ba ta riƙe komai ba. Na ji rugugi a kan rufi, sai gilashi ya yi ja. Suna zubowa ta saman kai, suna faɗa wa bonet, suna tsalle, suna gangarawa titi, wasu har ƙarƙashin teburin mai shayi. Kwando guda ya biyo su, ya zo ya kife a kan bonet. Kasuwa ta yi tsit. A cikin wannan shirun ne hannuna, wanda har lokacin yake lalube, ya samu sandan da ya fita nema tun farko.

Waifa ta tashi. Ta shara dama, fuskata ta bayyana ga jama'ar Tashar Yari, baki buɗe, hula a karkace. Ta dawo hagu, ta shafe ni da markaɗe. Ta sake buɗe ni. Ta sake rufe ni. Tun daren jiya nake ganin wannan, duk lokacin da na rufe ido: ga ni, babu ni, ga ni, babu ni, kuma kowace buɗewa mutanen sun ƙaru. A ta ƙarshe da na iya tunawa har da wani yaro riƙe da roba, ya riga ya fara tsinta.

Na fito. 'Yan kamasho suka ce tsautsayi ne, a gode Allah ba rai. Wani ɗan acaɓa da ya ji na ambaci tsimin mai ya ce in riƙa kashe inji a gangara, wato in zauna da lodin tumatir ba ƙarfin birki ba ƙarfin sitiyari. Wani ya ce ƙwayar kafur biyu a tanki. Duk waɗannan na sha ji.

Sai ga wani dattijo mai rake ya taso, wuƙarsa a hannu, bai yi sauri ba. Ya zaga motar sau ɗaya, ya ƙwanƙwasa taya da ƙotar wuƙa, ya tsaya a baya.

"Ɗan nan, mai kake so ka rage sha?"

"Eh, Baba."

"Ai ga ɓarawon nan." Ya dafa murfin bayan motar. "Wannan ƙofa ita ke tare iska. Ƙanena ya ja Fijo 404 shekara da shekaru, Zariya zuwa Kano, bai taɓa rufe ta ba. Ka sauke ta, iska ta shiga ta wuce abinta."

Na san amsar wannan. An gwada an gani: in murfin yana rufe, iska kan yi wani ɗan kewaye a cikin bodi, sauran ta bi ta samansa ta wuce, sauke shi ba ya rage komai, yakan ma ƙara. Na buɗe baki in fara darasi, na ji ruwan tumatir na bin wuyan rigata, na ga yaron mota ya zuba mini ido. Sai kawai na ce, "Baba, ai tumatir na ɗauko. In na buɗe baya zubewa zai yi."

Ya dubi titi, ja wur tun daga tayar gaba har bakin kwalbati. Ya dubi sauran kwandunan. Ya daɗe yana lissafi.

"To ai shi ke nan," in ji shi, "nauyi ma ya ragu. Riba biyu."

Sannan ya tambaye ni ko kwandon da ke kan bonet ina da bukatarsa.