Yadda za ka tantance gyarenka kafin ya shiga kasko

Da damina, magariba na yi sai gonakin doya da ke gefen hanyar Lafiya zuwa Makurɗi su ɗauki ƙara, har mutumin Agyaragu ya riƙa ɗaga murya kafin maƙwabcinsa ya ji shi. Gyare ne. Amma kafin ka ɗauki tocila da fartanya, ka san wanda za ka kamo, don dangin suna da yawa, kuma ba kowa ke da maiƙo ba.

Fara da ƙirga ƙafafu. Shida ne, na baya biyu dogaye masu kaurin cinya. In ka ƙirga takwas, ajiye, gizo-gizo ne. In takwas ɗin da wutsiya a sama, ba sai an faɗa maka ba, ka riga ka ji a jikinka.

Sai ka dubi gashin nan biyu na goshi. Gajeru masu kauri na fara ne, dogaye sirara na gyare da tsanya. Kunnen gyare kuwa a ƙwaurin ƙafar gaba yake, na fara a gefen ciki, don haka kada ka ɓata lokaci kana yi masa raɗa a kai. Kukan ma ba daga baki yake fitowa ba. Namiji ne ke goga fiffike kan fiffike a bakin raminsa yana neman aure, macen tana ji ta yi shiru.

Wanda kake nema shi ne ƙaton da masana ke kira Brachytrupes, mai tara ƙasa a bakin rami, mai datse shuka da dare ya ja ta ciki. Manomi ba zai yi maka shari'a a kansa ba.

Akwai kuma ɗan uwansu na kogo, daga gidan Rhaphidophoridae. Wannan bawan Allah ƙusumbi gare shi, ba fiffike, ba kunne, ba kuka, gashin goshinsa ya fi jikinsa tsawo, da shi yake laluben hanya a duhu. Ana samunsa a kogon Mammoth na jihar Kentucky a Amurka, da kogunan New Zealand, da na Dutsen Table a Afirka ta Kudu. A ganina shi ne maƙwabcin kirki a dangin, tunda bai taɓa hana kowa barci ba. In har ka ci karo da shi a bayan randa a Agyaragu, kada ka kuskura ka soya. Sa shi a kwalba, ka huda murfin, ka hau mota zuwa Jami'ar Tarayya ta Lafiya, wataƙila a sa masa sunanka.

Na ramin dai, fizge fiffike, matse hanji, gishiri da yaji. Ka kuma cike ramin da ka tona kafin mai kunyar doyar ya fito.