Alhaji Ba Ya Amfani Da Ƙaramar Windows

Duk wanda ya saba zuwa taron bita a garuruwanmu ya san ɗan rubutun nan. Da an haska bango da majigi, mai jawabi ya gyara babbar riga ya shiga bayani kan riƙon amana, sai ga shi can ƙasa a kusurwar dama, dishi-dishi: "Activate Windows". Wato kamfanin Microsoft bai ga shaidar cewa an biya kuɗin manhajar da ke tafiyar da kwamfutar ba. Mai jawabi ya gani, shugaban taro ya gani, mu da muka zo don shinkafa da kuɗin mota ma mun gani, amma babu mai cewa uffan, domin kowa ya san yadda ya baro tasa a gida.

Tun zamanin Windows XP a 2001 kamfanin ya shigo da wannan tantancewa: ka shigar da mabuɗi mai haruffa da lambobi 25, su duba su tabbatar naka ne. Lokacin Windows 7, wanda aka kama fuskar allonsa kan koma baƙi ƙirin. Da Windows 10 ta fito a Yulin 2015 sai suka sassauta, kwamfuta ta ci gaba da aikinta, a dai hana ka sauya launi da hoton fuskar allo, a kuma manna maka rubutun. Lissafinsu shi ne kunya za ta sa mutum ya biya. Ba su san mu ba. Iyakar abin da ya sosa ran mutanenmu shi ne hana su ɗora hoton amarya ko na ɗan takara, kuma ko wannan tuni yara suka gano ta inda ake zagayewa.

Idan rubutun ya fara damun mai gida, ba ya neman sanin dalili. Ɗan ƙanwarsa yake aikawa a kira, wanda dangi suka yi ittifaƙi "ya iya kwamfuta" saboda an taɓa ganinsa yana sa wa wani fim a waya. Yaro zai zo da filas a rataye da makullin babur, filas ɗin da ya zaga rabin kwamfutocin unguwa. Abu na farko, zai kashe manhajar da ke tsare kwamfuta daga cuta, wai tana da tsegumi. Sai ya danna wani abu, baƙin akwati ya buɗe ya rufe, rubutu ya ɓace, a sa masa albarka a ba shi na kati. Mai tsaron da ya kashe kuwa, ba wanda zai sake tunawa da shi.

Abin da yaron ya yi yana da asali. Akwai tsarin da ake kira KMS, wanda aka yi wa manyan ma'aikatu masu ɗaruruwan kwamfutoci. Lasisinsa na kwana 180 ne, kuma dole kwamfuta ta riƙa tuntuɓar babbar na'urar ma'aikatar don a sabunta mata. Abin da ke cikin filas shigar burtu yake yi, ya nuna kamar shi ne wannan babbar na'ura. Ranar da dabarar ta tsinke, bayan wata shida rubutu ya dawo, wani lokaci da lambar kuskure 0xC004F074. Haka ma wasu kwamfutocin gwanjo da suka yi aiki a kamfanonin Ingila ko Amurka suke yi, suna zaune a Kano suna cigiyar tsohon ubangidansu.

Amma inda na fi jin daɗin kallonmu shi ne shagon mai gyara. Tun fitowar Windows 8 a 2012, kamfanoni irin su HP da Dell da Lenovo suka daina manna mabuɗi a bayan kwamfuta, suka koma dasa shi a cikin babban allon injin. Ke nan kwamfutoci da yawa suna zuwa da lasisinsu na halal, an riga an biya, kuma waɗanda aka ƙera don amfanin gida galibi nau'in Home ne.

"Injiniya, wacce za ka sa min?"

"Ranka ya daɗe, tata ta asali Home ce. Da an haɗa ta da intanet za ta kunna kanta."

"Ita ce babbar?"

"A'a, Alhaji, akwai Pro."

"To ni za ka sa wa ƙaramar? Abokina Pro gare shi. Sa min ita."

Injiniya ba zai yi musu da abincinsa ba. Mabuɗin Home kuwa ba ya buɗe Pro, don haka ga lamba 0x803F7001, ga rubutu a kusurwa, ga ɗan ƙanwa da filas ɗinsa. An saki reshe an kama ganye. Ƙarin da ke cikin Pro abubuwa ne irin su kulle bayanai da BitLocker da shiga tsarin kwamfutocin ma'aikata. Alhaji fina-finan Kannywood yake kallo, sai jerin sunayen waɗanda za a kai wa katin biki. Da Microsoft za su fitar da wani nau'i mai suna Sarkin Yaƙi, da an yi layi.

Wani kuma matsalarsa ba ta kai haka ba. Ɗan batirin da ke riƙe agogon kwamfuta ne ya mutu, kwanan wata ya koma shekarun baya, tantancewa ta ƙi yiwuwa. Sai ka ji ana zargin sabis, ana zargin maƙiya. Wani an sauya masa babban allon inji, lasisin da ke ɗaure da tsohon ya tafi. Ana iya dawo da shi idan tun farko an haɗa shi da asusun Microsoft, sai dai tambayi mai kwamfutar kalmar sirrinsa ka sha labari: yaron shago ne ya buɗe masa, yaron kuma ya koma sayar da waya a Legas.

Ɗalibi da ƙaramin ma'aikaci ina yi musu uzuri, domin Windows 11 Home dala 139 ce a wurin kamfanin, Pro kuma kusan 200. A mayar da wannan naira a ga ko albashi zai ɗauka. Ga manhajoji irin su Ubuntu nan kyauta, a madadin Windows, ga mai haƙurin koyo. Wanda ba na yi wa uzuri shi ne mai liƙa fiye da haka a goshin mawaƙi cikin dare ɗaya, gari ya waye yana ciniki da Injiniya kan a "kashe masa rubutun nan".

Mai karatu, kafin ka biya kuɗin kwamfutar gwanjo, danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta slmgr /xpr. Idan ta nuna ranar ƙarewa, lasisin aro ne, a rage maka kuɗi. Idan kuma Injiniya ya ce taka Home ce, don Allah ka bari ya sa maka Home, ba za mu faɗa wa kowa ba.