Masu Zaɓen Kyamara Mai Ido Ɗaya

Akwai wata irin kyamara da ta shigo yayi a 'yan shekarun nan. Ƙarama ce, wata ma aljihun riga ya ishe ta. Idonta ɗaya ne tal, a liƙe yake, ba a cire shi, ba a musanya shi, ba ya kuma jawo na nesa ya zo kusa. Amma farantin da haske ke sauka a kai, wanda masu sana'a ke kira sansa, babba ne irin na manyan kyamarorin 'yan jarida. Kamfanin Sigma na Japan ya fito da DP1 a 2008, Fujifilm ya biyo da X100 a 2011, Sony ya kawo RX1 a 2012, sannan Leica na Jamus ya shigo da Q a 2015. An ƙera su ne don a hutar da mai hoto daga yawan zaɓe-zaɓe, sai ga shi zaɓen su kansu ya zama aikin watanni.

Ba a kasa su a kasuwar Tambuwal, balle ta Kebbe. Amma waya ta kai labarinsu ko'ina, kuma da Sallah ta zo 'yan Sanyinna suka dawo gida daga Sakkwato, Kano, Abuja da Legas, teburin mai shayi yakan zama zauren muhawara. Ga mutanen da ake samu a wurin.

Na farko shi ne Malam Lissafi. Ya haddace komai. Zai tsinci kara ya zana maka a ƙasa cewa sansar Leica Q3 da ta Sony RX1 milimita 36 ce a tsawo, 24 a faɗi, ta Fujifilm da Ricoh kuwa wajen 23.5 ce da 15.6. Zai jero maka megafiksel: 60 a Q3, 40 a Fujifilm X100VI, 24 a Ricoh GR III. Kuma gaskiya yake faɗi idan ya ce babbar sansa ta fi shan haske, don haka hoton dare yakan fito tas, bayan mutum kuma ya dushe fuska ta fito sarai. Matsalarsa guda ce, bai taɓa riƙe ko ɗaya a hannu ba. Idan ka ce ya ɗauke ka hoto da wayarsa, sai ya yanke maka hula.

Na biyu Alhaji Sai Mai Tsada. Tambayarsa ɗaya ce: wacce ta fi kuɗi? Aka ce Leica Q3, wadda ta fito a 2023 a kan dala 5,995, abin da ya kai kusan kujerar Makka guda. Nan take ya ce a sayo. Abin da ya saya a zahiri shi ne ɗan jan tambarin nan da ke gabanta. Yakan rataya ta bisa babbar riga ranar ɗaurin aure, ya gyara ta yadda tambarin zai kalli jama'a. Ran da ya tashi gwada ta, ya leƙa ya ga duhu ƙirin, ya kira yaronsa a fusace: "Kai, wagga aba ta mutu tun ba a je ko'ina ba!" Yaron ya russuna ya ce, "Ranka shi daɗe, murhin na ba a cire ba." Tun daga ranar, kyamara tana wuya, hoto kuwa da iPhone ake ɗauka.

Na uku Ɗan Yayi. Shi a TikTok ya gamu da tasa. Fujifilm X100V ta fito a 2020, amma sai a 2022 matasan duniya suka yi mata ca, har ta yi ƙaranci, ta hannu ta fi sabuwa tsada. Da X100VI ta fito a 2024 a kan dala 1,599, layin masu jira ya ƙara tsawo. Abin da ya ja hankalinsa shi ne launi. Fujifilm tun 1934 yake sana'ar fim ɗin hoto, don haka ya saka wa kyamarar dabarar kwaikwayon launin tsofaffin hotuna. Ɗan Yayi ya zuba sama da naira miliyan biyu don sabon hoto ya yi kama da tsoho. Ya ɗauki kakarsa tana tankaɗe, ya nuna mata yana jiran yabo. Ta ƙura ido ta ce, "Maigidan, wanga hoto ruwa yat taɓa shi?" Ta shiga ɗaki ta fito da na aurenta, ta ce ga irinsa nan, ita kuma sule kaɗan aka biya.

Na huɗu Mai Hoton Biki, wanda shi kaɗai ne a teburin ke cin abinci da kyamara. Tsohuwar Canon ko Nikon ce a kafaɗarsa, ta hannu, robar jikinta ta saɓule. Idan aka miƙa masa ƙaramar, zai juya ta, ya murɗa idon, ya tambaya, "Ina zum?" Da an ce babu, sai ya mayar da ita da hannu biyu. Yana da hujja. A wurin kamu ba ya kutsawa tsakiyar mata, daga bakin ƙofa yake tsayawa ya jawo fuskar amarya. A hawan Sallah kuwa, wanda bai da zum sai ya shiga ƙarƙashin doki kafin ya sami rawanin mahayi. A wurinsa, a biya miliyoyi a kan ido ɗaya da ba ya motsi, wannan aikin waɗanda Allah ya hutar ne.

Na biyar Ɗan Sunƙuru, masoyin Ricoh GR. Ya zaɓe ta ne don ba ta kai nauyin giram 300 ba, tana ɓacewa a tafin hannu, ba ta ƙara. Ya ji ana cewa masu hoton titi a Tokyo daga ƙugu suke ɗaukar hoto ba tare da kowa ya sani ba, shi ma ya ɗauka. Abu biyu bai lissafa ba. Ba ta da maleƙa, sai allon baya, kuma ranar Afrilu a ƙasar Sakkwato, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ba abin da ake gani a allon sai fuskar mai kallo. Sannan idonta yana fita yana komawa, ƙurar hunturu kuwa ba ta raina kafa. Kafin sanyi ya wuce, kowane hoto nasa akwai ɗigo a sararin sama, wuri ɗaya, har abokai suka sa wa ɗigon suna. Babban karonsa da wani mai albasa ne a kasuwa, wanda ya riƙe masa hannu ya ce, "Kai yaro, mi kaka yi da wanga abu?" A zamanin da kowa ke ɗari-ɗari da mai leƙe-leƙe, sai da aka nemo wanda ya san mahaifinsa.

Na shida Mai Jiran Sabuwa. Ya tara kuɗinsa tun dala tana wajen naira 460 a farkon 2023, amma ya ji ƙishin-ƙishin sabuwa na tafe, ya ce bari ya dakata. A Yunin shekarar Babban Bankin Najeriya ya saki naira, a 2024 dala ta haura 1,500. Sabuwar ta fito, kuɗinsa kuma suka koma na jaka da batir. Bai daddara ba. Ya koma jiran Sony, wadda ta shekara goma tsakanin RX1R II ta 2015 da RX1R III ta 2025, ita ma ta iso da farashin da ya wuce dala 5,000. Yanzu yana jiran dala ta sauko. Jiran gawon shanu ke nan.

Na bakwai Mai Waya. Yana zaune shiru har a gama, sannan ya zaro Tecno ya ajiye a tebur. Kamfanin Transsion na birnin Shenzhen, mai Tecno da Itel da Infinix, ya daɗe da gyara kyamarorinsa don su fito da baƙar fata da kyau, kuma da rana tsaka hoton ba laifi. Sai dare ya yi, an ɗauke wuta a wurin walima, fuskoki su narke su haɗe da bango. Amsarsa a shirye take: "To ai dare na barci na." Sai kuma ya jefa tambayar da ke kashe bakin Malam Lissafi: duk megafiksel ɗin nan 60, ba ta WhatsApp za a tura ba, ya matse su?

Na takwas Mai Aro. Ba ruwansa da wacce ta fi, shi dai wa ya saya. Zai karɓa na kwana ɗaya don sunan ɗan yayarsa, ya dawo da ita bayan sati uku babu murfi, batir a mace, da hotonsa ɗari biyu a jikin motar wani. An ce kayan aro ba ya rufe katara, amma shi tasa ta daɗe a rufe.

Na ƙarshe ba ya yawan magana a teburin, amma hotunansa ne ke rataye a zaurukan gari. Ya gane abin da sauran suka tsallake. Kyamarar da ba ta jawo na nesa, dole mai ita ya tako da ƙafarsa har taku biyu ko uku daga mutum, kuma a Sanyinna ba a zuwa kusa da mutum haka kawai. Sai ya yi sallama, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa: "Baba, ina kwana? Ina gajiya? Yaya iyali, yaya ruwa?" Sai an gama wannan, an taɓa hirar gero da farashin taki, sannan ya ce, "Baba, in ka yarda in ɗauke ka hoto." Tsoho ya gyara rawani, ya saki fuska. Idan ya je Sakkwato ya wanko hoton, ya dawo ya miƙa da hannu biyu. Shi ya sa maƙeri ke barinsa ya zauna gefen zuga-zugi, masaƙi ya ci gaba da aikinsa yana ɗauka.

Don haka duk mai shirin sayen irin wannan kyamara, kafin ya ƙirga dalolinsa ya fara ƙirga mutanen da yake gaisawa da su a gari. Idan ba su cika goma ba, gara ya sayi mai zum ya tsaya daga nesa. Shi kuwa wancan mai gaisuwar, Malam Lissafi ya taɓa tare shi ya tambaye shi megafiksel nawa ce tasa. Ya juya ta sama da ƙasa yana neman inda aka rubuta, bai gani ba, ya ce zai tambayo wanda ya sayar masa.